Shaihu Abdulƙadir Jilani: Mun Riƙe Sunan, Mun Saki Karatun

A watan Rabi'us Sani da ya gabata na hau motar haya daga Kano zuwa Zariya. Ba mu kai Kwanar Dangora ba gardama ta kaure a kujerar baya. Wani saurayi ne ya kunna wa'azi a wayarsa, mai wa'azin yana ba da labarin yadda wai Shaihu Abdulƙadir Jilani ya bi Mala'ikan Mutuwa har sama, ya ƙwace rayukan da ya ɗauka a ranar saboda akwai ran almajirinsa a ciki. Saurayin yana ta kabbara. Na kusa da shi ya ce wannan shirka ce tsagwaronta, kuma Shaihun ne ya buɗe wa mutane ƙofar ɓata.

Da abin ya yi zafi, wani dattijo da ke gaba ya waiwayo ya ce, "Samari, a cikinku wa zai faɗa mini sunan littafi ɗaya da Shaihun ya bari?"

Suka yi tsit. Can mai wayar ya ce, "Baba, ai waliyyi ba a littafi ake saninsa ba." Ɗayan kuma ya ce shi ba ya ɓata lokacinsa a kan littattafan 'yan ɗariƙa.

Amsoshin nan biyu sun fi gardamar damuna. Ga mai so, ga mai ƙi, kowannensu yana tada jijiyar wuya a kan bawan Allah ɗaya, amma babu wanda ya taɓa jin jumla guda daga bakinsa.

Ra'ayina a nan a fili yake. Mun zalunci Shaihu Abdulƙadir a ƙasar Hausa, kuma hannu biyu ne suka yi zaluncin. Masoyansa da yawa sun lulluɓe shi da labaran al'ajabi har ba a ganin malamin da ke ciki. Masu sukarsa kuma sun ɗauki waɗannan labaran a matsayin su ne shi, suka yanke masa hukunci a kansu. Mutumin da ya yi shekara 40 yana karantarwa da wa'azi a Bagadaza ya bar magana a rubuce, kuma maganar tana da nauyin da ya kamata ta canza yadda muke ciniki, yadda muke mu'amala da masu mulki, da yadda muke kiran junanmu idan mun saɓa. Ita ce ya kamata a sa a gaba.

Wane ne shi kafin a fara kirari?

An haife shi a shekara ta 470 bayan Hijira, wato wajen 1077, a yankin Jilan da ke arewacin ƙasar Iran ta yau. Ya shiga Bagadaza a 488 yana ɗan shekara 18, a shekarar da Imamu Gazali ya ajiye kujerarsa ta koyarwa a makarantar Nizamiyya ya bar garin. Ya yi fiƙihu a mazhabar Hambaliyya wurin manyan malamai irin su Abu Sa'ad al-Mukarrimi da Ibn Aƙil da Abul Haɗɗab. Tarbiyyar zuciya kuma ya same ta wurin Shaihu Hammad al-Dabbas.

Bai hau kujerar wa'azi ba sai a 521. A lissafa: shekara 33 ke nan tsakanin shigarsa gari da buɗe bakinsa a gaban jama'a. Ya haura hamsin kafin ya ce wa mutane "ku saurara". A cikin waɗannan shekaru akwai karatu, akwai kaɗaita a dazuzzukan Iraƙi, akwai yunwa. Masu tarihi sun ruwaito daga gare shi cewa a lokacin tsadar abinci a Bagadaza yakan bi bakin kogi yana tsintar ganyayen da masu kayan lambu suka zubar, wani lokaci ya tarar waɗansu matalauta sun riga shi, sai ya ji kunyar yin rububi da su ya bar musu.

Ina so mai karatu ya tsaya a nan kaɗan. A yau yaro zai sauke littafi biyu, ya sayi waya mai kyau, ya buɗe shafi a Facebook ko TikTok, kafin wata uku ya fara raba wa mutane Aljanna da Wuta. Wannan cuta ba ta tsaya a ɓangare ɗaya ba, tana cikin 'yan ɗariƙa, tana cikin masu adawa da su. Duk wanda ya ce yana bin sawun Sidi Abdulƙadir, to sawun farko shi ne haƙurin zama gaban malami har kai ya yi furfura.

Ya gaji makarantar malaminsa al-Mukarrimi a unguwar Babul Azaj, jama'a suka yi yawa har aka faɗaɗa ta. A nan ya koyar da tafsiri da hadisi da fiƙihu da nahawu, yana ba da fatawa. A nan ya rasu a 561, wato 1166, a nan kuma kabarinsa yake har yau. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya da yawa, waɗansu daga cikinsu suka zama malamai. Maganganunsa suna nan a littattafai uku da aka fi sani: Al-Gunya, wanda ya fara da tsarki da salla da ladubba kafin ya kai ga suluki, wato tarbiyyar zuciya, da Futuhul Gaibi mai maƙala 78, da Al-Fathur Rabbani, tarin wa'azozi 62 da ya yi a 545 da 546.

"Wato kana musun karama?"

Wannan ita ce tambayar farko da 'yan'uwana masoya Shaihu za su jefo mini. A'a, ba na musu. Karamar waliyyai gaskiya ce a aƙidar Ahlus Sunna. Alƙur'ani ya ba mu labarin abincin da Annabi Zakariyya yake tararwa a wurin Nana Maryam, ya ba mu labarin As'habul Kahfi. Kuma malaman da suka yi zamani da Shaihun sun shaida cewa Allah ya bayyana abubuwa a hannunsa.

Amma yarda da karama daban, haɗiye duk labarin da aka kawo daban. Imamu Zahabi, wanda ya girmama Shaihun ƙwarai a tarihin da ya rubuta masa, ya faɗa ƙarara cewa babu wani babban shaihi da aka ruwaito masa karamomi kamarsa, sai dai da yawa daga cikinsu ba su inganta ba, waɗansu ma ba za su yiwu ba. Littafin da yawancin labaran nan suka fito daga cikinsa, Bahjatul Asrar, wani malamin Masar ne ya tattara shi fiye da shekara 100 bayan rasuwar Shaihun. Ibn Rajab, ɗan mazhabarsu ɗaya da Shaihun, ya duba shi ya ce zuciyarsa ba ta natsu da dogaro da abin da ke ciki ba, saboda yawan ruwaya daga mutanen da ba a san su ba.

Labarin da ya nuna bawa yana ƙwace rai daga hannun Mala'ika bayan Allah ya hukunta, ba girmama Shaihu ba ne. Ƙarya ce aka jingina wa mutumin da ya buɗe Futuhul Gaibi da cewa mumini ba ya rabuwa da abu uku a kowane hali: umarnin da zai bi, hanin da zai nisanta, da ƙaddarar da zai yarda da ita. Ta yaya mai wannan magana zai yi kokawa da ƙaddara a sararin samaniya?

Akwai labari ɗaya da ɓangarorin biyu suka ruwaito, har Ibn Taimiyya ya kawo shi. Shaihun yana cikin daji sai wani haske ya cika sararin sama, aka kira shi aka ce, "Ya Abdulƙadir, ni ne Ubangijinka, na halatta maka abin da na haramta wa sauran mutane." Nan take ya nemi tsari da Allah, ya ce tafi can la'ananne. Hasken ya koma duhu. Da aka tambaye shi yadda ya gane Shaiɗan ne, sai ya ce ai daga cewa an halatta masa haram.

Fiƙihu ne ya tserar da shi a wannan rana. Ya san cewa shari'ar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a ɗauke wa kowa ita. Shi ya sa ake ruwaito maganarsa cewa duk haƙiƙar da shari'a ba ta shaide ta ba zindiƙanci ce. To, idan wani ya zo a yau ya ce ya kai matsayin da salla ta sauka a kansa, ko ya keɓe da matar da ba muharramarsa ba da sunan tarbiyya, ko ya cinye dukiyar almajirai da sunan hadiyya, ba sai an je nesa neman raddi ba. Shaihun da yake fakewa da sunansa ya riga ya ba shi amsa tun shekara 800 da suka wuce.

Dinare arba'in

Duk wanda ya yi Islamiyya ya san labarin. Mahaifiyarsa ta ɗinke masa dinare 40 a cikin riga, a ƙarƙashin hammata, ta ɗauki alkawari daga gare shi cewa ba zai yi ƙarya ba ko da wane hali. 'Yan fashi suka tare ayarin bayan sun wuce Hamadan. Ɗayansu ya tambaye shi me yake da shi, ya ce dinare 40. Suka zaci wasa yake, har aka kai shi gaban shugabansu, aka farke rigar aka ga kuɗin. Shugaban ya tambaye shi me ya sa ya tona wa kansa asiri, ya ce ya yi wa mahaifiyarsa alkawari. Mutumin ya fashe da kuka, ya ce kai ba ka ci amanar uwarka ba, ni kuwa shekara da shekaru ina cin amanar Ubangijina. Ya tuba, yaransa suka tuba.

Babu tashi sama a labarin nan, babu tafiya a kan ruwa. Yaro ne ya faɗi gaskiya a lokacin da ƙarya za ta cece shi. Kuma shi ne kaɗai irin labarin da ni da kai za mu iya kwaikwaya gobe da safe.

Amma dubi yadda muke. Mai awo yana da mudu biyu, na saye da na sayarwa. Mai buhu yana zuba mai kyau a sama, tsakuwa da ƙaiƙayi a ƙasa. Dillali zai rantse da Allah cewa an taya kaya kaza alhali ba a taya ba. Uba zai biya kuɗi a rubuta wa ɗansa jarrabawa. Ma'aikaci zai sa hannu a rajista da ƙarfe takwas ya ɓace sai gobe. A cikin masu yin haka akwai mai carbi a wuya da ba ya fashin wuridi, akwai mai ɗage wando da ba ya fashin sahun farko. Mun zama kamar magadan da suka gaji gona mai albarka, kullum suna zaune a bakinta suna yi wa kakansu kirari, babu wanda ya ɗauki fartanya.

A maƙala ta ƙarshe ta Futuhul Gaibi Shaihun ya lissafa halaye goma na masu yaƙi da son zuciya. Na farko, kada bawa ya rantse da Allah, a kan gaskiya ne ko a kan ƙarya. Na biyu, ya nisanci ƙarya ko da wasa. Na uku, kada ya saɓa alkawari. Daga nan ya ci gaba: kada ya la'anci wani abin halitta, kada ya yi wa kowa mummunar addu'a ko da an zalunce shi. Idan da a ce kowane muridi da ya karɓi wuridin Ƙadiriyya ya karɓi ukun farko kaɗai da gaske, da kasuwannin Kurmi da Kwari da Dawanau sun san da zamansu. Da an riƙa cewa je ka shagon wane, Baƙadire ne, ba ya rantsuwa kuma ba ya algus.

Ga masu cewa shi ne tushen ɓata

Yanzu bari in juya ga ɗaya ɓangaren, don su ma suna da bashi a wuyansu.

Shaihu Abdulƙadir Bahambale ne. Ibn Ƙudama, mai littafin Al-Mugni da malaman Sunna suke kafa hujja da shi a kullum, ya zo Bagadaza daga Dimashƙa tare da ɗan'uwansa Abdulgani al-Maƙdisi, mai Umdatul Ahkam, suka sauka a makarantar Shaihun, suka yi karatu a gabansa a kwanakinsa na ƙarshe. Ibn Taimiyya ya yi sharhin wani sashe na Futuhul Gaibi, ya sanya Shaihun a cikin manyan shaihunan da suka fi kowa umarni da riƙo da shari'a. Wanda yake karantar da Umda da safe, da yamma kuma ya zagi malamin mai Umda, ya sake tunani.

Maƙala ta biyu a Futuhul Gaibi ta fara ne da cewa ku bi, kada ku ƙaga bidi'a, ku kaɗaita Allah, kada ku yi shirka. Wasiyyar da ya yi wa ɗansa Abdulwahhab a ciwon ajali ita ce ya ji tsoron Allah, kada ya ji tsoron kowa sai shi, kada ya yi fata ga kowa sai shi, ya miƙa dukkan buƙatunsa gare shi, sannan ya maimaita masa kalmar tauhidi. Wa'azozinsa cike suke da faɗa ga masu dogaro da sarki ko attajiri ko wani mahaluki.

Za a ce mini, to ai ga abin da mabiyansa suke yi, ga masu kiran sunansa idan mota za ta kife. Na ji. Tawassuli mas'ala ce da malamai suka daɗe suna saɓani a kanta, kuma kowane ɓangare yana da manya. Amma duk wanda ya ƙudurce a zuciyarsa cewa Shaihun yana bayarwa ko yana hanawa da ikon kansa, to ya saɓa wa Shaihun kafin ya saɓa wa kowa. Hanyar gyara irin wannan mutum ita ce a buɗe masa littafin wanda yake so, a ce ga abin da ya ce. Zagin Shaihun ba ya ƙara masa komai sai taurin kai. Shekara fiye da 40 ke nan ana wannan ja-in-ja a masallatanmu tun daga ƙarshen shekarun 1970, an raba sahu, an raba aure, an raba zumunci, kuma har yau maukibi, wato taron shekara na Ƙadirawa, bai ragu ba, masu suka ma ba su ragu ba.

Hali na shida a cikin goman nan da na ambata shi ne ya fi dacewa da mu. Ya ce kada bawa ya yanke wa wani daga cikin ma'abota alƙibla shaidar shirka ko kafirci ko munafunci, domin barin hakan ya fi kusa da rahama. Ba a garin zaman lafiya ya faɗi wannan ba. Bagadazan zamaninsa ta sha rikicin mazhabobi har da zubar da jini a tituna. Shi kansa ba mai sassauci ba ne a aƙida, domin a cikin Al-Gunya ya yi dogon bayani yana raddi ga ƙungiyoyin da yake ganin sun kauce. Ya yi raddi ga ra'ayi, amma ya ja kunnen almajirinsa kada ya nuna mutum da yatsa ya fitar da shi daga Musulunci. Wannan magana tana kan mai kiran ɗan ɗariƙa mushriki, tana kuma kan ɗan ɗariƙar da yake kiran ɗan'uwansa maƙiyin Annabi.

Malami da ƙofar fada

An ruwaito cewa lokacin da Halifa al-Muƙtafi ya naɗa wani alƙali da aka sani da zalunci, Shaihun ya hau mumbari ya ce masa: ka ɗora wa Musulmi mafi zaluncin azzalumai, me za ka ce gobe a gaban Ubangijin talikai? Halifan ya girgiza, ya tuɓe alƙalin. An kuma san shi da rashin zuwa ƙofar sarakuna. A wa'azozinsa yakan fuskanci malaman da suke sayar da iliminsu ga masu mulki, ya kira su maciya amanar ilimi.

Wannan gado ya iso ƙasarmu, kuma ba a labari kawai ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne, ya yi wa Sidi Abdulƙadir waƙoƙi, har jama'arsa aka riƙa kiransu Ƙadirawa. Da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar idi ya raba musu dukiya, Shehu ya ƙi karɓar nasa rabon. Maimakon zinariya ya nemi abubuwa biyar, daga ciki akwai a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Wannan shi ne Ƙadiranci a aikace, kuma Shehun da ya yi haka shi ne ya rubuta Ihya'us Sunna, littafin raya sunna da kashe bidi'a. A wurinsa ɗariƙa da sunna ba su taɓa zama kishiyoyi ba.

Yau fa? Lokacin zaɓe ya zo, sai ka ga motoci da buhuna da kujerun Hajji suna bin gidajen malamai, na zawiya da na masallacin Juma'a baki ɗaya. Talaka yana kallo. Ɗansa ba ya makaranta, asibitin garinsu babu magani, 'yan bindiga sun hana shi noma. Yana jiran ya ji malaminsa ya faɗi kalma ɗaya mai ɗaci a gaban mai mulki, sai ya ji addu'ar tazarce. Ban ce duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai waɗanda suke faɗa kuma suna shan wahala a kai. Amma wanda zai yi awa biyu yana ba da labarin yadda Shaihu ya taka wuyan waliyyai, ya kasa minti biyu a kan yadda ya tsawata wa Halifa, ya zaɓi abin da ba zai ja masa asara ba ne.

"Zuhudu ne ya talauta mu"

Wannan kuma ƙorafin 'yan boko ne, kuma ba na raina shi. Suna cewa irin wannan koyarwa ta gudun duniya ita ta sa mutanenmu suka rungumi talauci, suka mai da bara ibada.

Da sun karanta littattafan Shaihun da sun sami abokin gwagwarmaya. Yana cewa duniya a hannu ya halatta, a aljihu ya halatta, amma a zuciya bai halatta ba. A cikin halaye goman nan, na takwas shi ne kada bawa ya ɗora wa wani nauyin kansa, ƙarami ko babba, na tara kuma ya yanke kwaɗayinsa daga abin hannun mutane. Ina bara a nan? Ina zaman jiran hadiyya? Mutum ne da ya riƙe makaranta da masaukin baƙi da iyali mai yawa, yana sa tufafin malamai masu kyau, yana umartar mutane da neman halal.

Abin da ya hana shi ne tarawa a danne. Zahabi ya ruwaito shi yana cewa ya bincika ayyuka duka bai ga wanda ya fi ciyar da abinci ba, kuma yana burin a ce duniya tana hannunsa ya ciyar da ita ga mayunwata. Wanda ya taɓa tsintar ganye a bakin kogi ne yake wannan magana, ya san abin da yake faɗa. A wannan zamani da kwanon masara ya gagari magidanci, da yara suke kwana a ƙofar shaguna da robar bara a ƙarƙashin kai, ban ga wata koyarwa tasa da ta fi wannan gaggawa ba.

To, a daina maukibi ke nan?

Ban ce haka ba. Maukibin da Shaihu Nasiru Kabara ya assasa a Kano ya zama taron da yake haɗa dubban mutane daga Najeriya da Nijar da wasu ƙasashe, ana zikiri, ana ziyara, ana sada zumunci, ana ciyar da baƙi. Shi kansa Malam Nasiru malami ne na littafi, mai tafsiri, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya kuma kafa makarantu. Batun bandiri malamai sun yi ta rubuce-rubuce a kai, mai halattawa da mai hanawa, kuma ba shi ne damuwata a nan ba.

Damuwata ita ce saurayin da zai yi tattaki tun safe har la'asar da tuta a hannu, ya koma gida bai ƙaru da jumla ɗaya daga Shaihun da ya fito dominsa ba. Laifin ba nasa ba ne, abin da aka ba shi ya karɓa.

Wani zai ce ai talakawa ba sa jin Larabci, littattafan nan sun yi musu zurfi, labaran karama su ne suke jawo zukatansu. Wannan raina mutane ne. Wa'azozin Al-Fathur Rabbani ba a ɗakin manyan malamai aka yi su ba. A bainar jama'a aka yi su, gaban 'yan kasuwa da masu sana'a da tubabbun ɓarayi, shi ya sa sau da yawa sakin layi yake farawa da "ya kai yaro" ko "ya ku mutanena". Magana ce gajeriya mai shiga jiki. Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u ba su ce makiyaya da matan karkara ba za su gane ba. Sun zuba musu tauhidi da fiƙihu a waƙoƙin Fulatanci da Hausa, aka haddace, aka rera a bakin rijiya da wurin daka.

Abin da nake roƙon halifofi da muƙaddamai shi ne su mai da karatun nan wani ɓangare na wuridi. Bayan zikirin daren Juma'a a karanta maƙala ɗaya daga Futuhul Gaibi, a fassara ta da Hausar da mai faci da mai shayi za su gane. Maƙala 78 ne, a shekara ɗaya da rabi an sauke. A buga halaye goman nan a takarda guda, da boko da ajami, a raba a ranar maukibi kamar yadda ake raba ruwa. Gidajen rediyon da suke sayar da fili ga masu zage-zage su ware rabin awa a mako don wannan. Kowace zawiya ta sa tukunya ɗaya a kan wuta ranar da ta zaɓa a mako, ta ciyar da almajiran unguwa ba tare da tambayar wane masallaci ubansu yake salla ba.

Malaman ɗaya ɓangaren kuma, tunda suna karantar da littattafan Hambalawa, su saka babin ladubba na Al-Gunya a cikin darasinsu na tsakanin magariba da isha, su ambaci sunan mai littafin da girmamawar da Ibn Ƙudama ya ambace shi da ita, ɗalibansu su ji da kunnensu.